Mai Ludayin Titin Arenales

Don Anacleto Taipe ya haura shekara sittin a duniya kafin ya san akwai wani mai irin fuskarsa sak, kuma shi wancan ba uwa ce ta haife shi ba, zana shi aka yi a Japan.

Yana saurayi ya sauko Lima daga duwatsun Huancavelica, a shekarun nan da kwana a ƙauye ya zama kasada saboda rikicin 'yan tawaye. Ya yi dako a kasuwa, daga baya ya koyi gyaran risho wurin wani ɗan garinsu. Yana cikin wannan sana'a wata rana risho ya yi bindiga a fuskarsa. Allah ya tsare idon, amma wutar ta bar masa tabo tun daga goshi har kunci, ta raba girarsa ta hagu gida biyu. Da mutane suka koma girki da gas, gyaran risho ya mutu murus, sai ya sayi amalanke ya shiga sayar da emoliente: ruwan gasasshen sha'ir mai zafi da ganyaye da lemun tsami, da wani ruwa mai yauƙi da yake ɗagawa sama da dogon ludayi ya sako shi cikin kofi kamar igiya. Da amalanken nan ya gina ɗakunansa a unguwar Comas, da shi ya yi wa 'yarsa karatu har ta zama nas ta bi mijinta zuwa garin Arequipa. Kafin nan kansa ya yi sanƙo tas, gira ta yi fari ta yi tsawo, gashin baki ya zubo ta gefe biyu. Gida ya rage daga shi sai matarsa Doña Hermelinda sai talabijin.

Shekara da shekaru a ƙofar wani asibiti yake kafa amalankensa, inda masu jinya ke fitowa da sanyin safiya su sha abu mai ɗumi su ba shi labarin ciwon da ya kawo su. Ya san yadda ake magana da irin waɗannan mutane. Sai aka zo faɗaɗa titi aka tashi masu amalanke, ƙungiyarsu ta samar masa wata kusurwa a unguwar Lince, daf da ginin shagunan nan na titin Arenales, inda matasa ke tururuwar sayen littattafan zane da faya-fayan anime, wato finafinan zane na Japan, da 'yan mutum-mutumin roba. Bai taɓa leƙa ciki ba. Ya dai lura yaran wurin ba sa tausaya wa gashin kansu.

Asabar ɗinsa ta farko a wurin, ana yayyafin nan na watan Yuli wanda ba ya jiƙa riga sai dai ya ratsa ƙashi, wata budurwa mai koren gashi ta zo wucewa. Ta kalle shi, ta tsaya cak, ta dafe baki. Sai ta haɗa ƙafafu ta sunkuya har gashin ya kusa sharar kwalta.

"Maestro!"

Wannan bai dame shi ba. Tun zamanin risho ake ce masa Maestro, kamar kowane mai aikin hannu.

"Da lemo ko babu, 'yata?"

Ta saki wata 'yar ƙara ta ruga cikin ginin. Ya duba gaban rigarsa ko wani abu ya zube, ya leƙa ƙarƙashin amalanken ko ɓera ta gani. Kafin ya ɗago ta dawo da ayari guda, kowa waya a hannu. Wannan ya ce ya ɗaga ludayin, wancan ya ce ya ɗaure fuska. Wani ƙato mai takobin katako a baya ya kama hannunsa da hannu biyu, idonsa ya cika da ƙwalla.

"Ban yafe musu ba, Maestro. Bai kamata su bar ka a kan gadar nan ba."

"Wace gada?"

Ƙaton ya girgiza kai, kamar tambayar ta ƙara masa ciwo. Wani siriri mai tabarau kuwa ya matso ya nuna shi da yatsa.

"Maci amana! Zuba min kofi biyu."

"Amanar wa na ci, samari?"

"Kai ka sani," in ji mai tabarau, ya kanne masa ido, ya biya, ya yi godiya cikin ladabi.

Kafin rana ta take, tukunya ta ƙare ƙaf, abin da bai taɓa faruwa a ƙofar asibiti ba. Ya koma gida ya zauna a bakin gado, takalmi ɗaya a hannu.

"Tsohuwa, ina jin wani mai kama da ni ya yi wata ɓarna a kan wata gada."

Hermelinda ta dube shi sama da ƙasa. "Kai dai faɗi gaskiya tun da wuri, tsoho."

Wílmer ne ya warware masa, ko kuma ya yi niyyar warwarewa. Mai shago ne a hawa na biyu, ya doshi arba'in, ga tumbi, ga hula mai kunnuwan kyanwa da ba ya cirewa. Ya sauko ya sha kofi guda, ya miƙo masa waya.

Don Anacleto ya kalli abin da ke ciki. Wani tsoho ne mai sanƙo, fararen gira, ta hagun a tsage da tabo, gashin baki ya zubo, tawul a kafaɗa, shuɗin ƙyalle ɗaure a gaba, dogon ludayi a hannu. Ya taɓa nasa tawul ɗin. Ya kalli nasa shuɗin ƙyallen.

"Wa ya ba su hotona?"

"Babu wanda ya ba su, papito, babana. An zana shi tun ba ka san hanyar Lince ba. Mai sayar da shayi ne a bakin hanya, amma a ɓoye babban malamin yaƙi ne. Da ludayin yake faɗa."

"To ina ya samo tabona?"

"Dodo ne ya yakushe shi."

"Ni risho ne."

"Ka ga ashe akwai bambanci."

Don Anacleto ya mayar masa da wayar. Abu ɗaya ne yake cinsa tun ranar Asabar. "Mutumin kirki ne dai ko?"

Wílmer ya sosa ƙarƙashin hular. "Ai wannan sai ka kalla."

Kuskuren da ya yi ke nan, ya ce to daga ina zai fara. Nan take aka kewaye amalanken.

"Daga zango na biyu," in ji Wílmer. "Na farko jan rai ne kawai."

"Kada ka saurare shi, Maestro," in ji mai koren gashin, wadda ya ji ana kira Xiomara. "Mutumin da ke yawo da kunnen mage zai ba ka shawara? Ka fara da fim ɗin da ya fito daga ƙarshe, shi ne ya ba da labarin farko."

"Na ƙarshe ne na farko?"

"Ƙwarai."

"Duk ku rufa mana baki," in ji mai tabarau. "Littafin zai karanta. Amma ka tuna, Maestro, daga baya ake buɗe shi."

"Daga baya?"

"Eh, bayansa ne gabansa."

Wani ya ce ya kalli wanda aka sa wa muryar Sifaniyanci, wani ya rantse duk wanda ya yi haka bai kalli komai ba, sai dai da Japananci yana bin rubutun ƙasa. Ƙaton mai takobi ya ce ko ma wanne ya ɗauka, ya tsallake kashin da suka je bakin teku da na gasar cin abinci, domin ciko ne, ba su faru ba.

Don Anacleto ya ajiye ludayin. "To sauran sun faru ke nan?"

Sai wurin ya ɓarke da dariya, Xiomara har da durƙusawa. Shi kuwa da gaske ya yi tambayar. Ya tafi gida da leda cike da faya-fayai, kowanne da mai shi, kowane mai shi da gargaɗinsa.

Ranar Lahadi bayan sun dawo daga coci sun sha farfesun kaza, suka kunna. Hermelinda ta ɗauko saƙarta tana cewa ita ba za ta ɓata idonta a wasan yara ba. Don Anacleto ya gyara zama ya zuba ido yana jiran ɗan'uwansa na Japan.

Bai fito ba. Waɗanda suka fito idanunsu kamar faranti. Wani yaro mai jan gashi da ya fara shiga ransa, ashe mace ce. An sare wani mutum gida biyu, bai fasa jawabi ba. Wani ya ɗaga hannu zai kai naushi, sai ya tuna ƙuruciyarsa, ya tuna kakarsa, ya tuna wata bishiya, har kashin ya ƙare hannun na sama. Kare ya yi magana babu wanda ya ko waiwaya. Don Anacleto ya tambayi matarsa ko ta ji karen, ta ce ya yi mata shiru. Can barci ya kwashe shi. Da ya farka saƙar na ƙasa, Hermelinda ta jawo kujera har gaban talabijin.

Daga nan gidan ya canza. Shinkafa ta fara kamawa a tukunya. Hermelinda da ba ta taɓa zuwa wurin sana'arsa ba, sai ga ta a Lince da jakar cefane, wai ta kawo masa ganye, amma ta zarce hawa na biyu ta yi musanyen fayafai da Wílmer. Wata rana ya dawo a gajiye, ta dangwara masa faranti har miya ta fantsama.

"Me kuma na yi?"

"Ka san abin da ka yi."

"Ban sani ba, na rantse."

"Yarinyar nan ta ɗauke ka uba. Ashe kai ka buɗe wa maƙiya ƙofar gari!"

"Hermelinda, daga Lince nake. Ga ƙafata duk ta kumbura."

"Na sani mana, ai ban haukace ba! Amma yau dai kada ka kalle ni da girar nan."

Ya ci abincinsa yana fuskantar bango. Bayan 'yan kwanaki kuma yana wanke kofuna sai ya ji an rungume shi ta baya, ana kuka.

"Ashe don ka cece su ka yi. Ka yafe min, tsohona."

Ya ji wani sanyi a ransa, duk da ya san ba shi ya ceci kowa ba. "Ashe na kirki ne ke nan."

"Tukuna," in ji ta tana share hanci. "Wílmer ya ce akwai wata magana a gaba."

Da babban taron masoya anime ya matso, Xiomara, wadda ke cikin masu shiryawa, ta zo ta roƙe shi ya zama baƙonsu. Ya ce shi bai san abin da zai je ya yi ba. Ta ce babu abin da zai yi, ya zo kawai. Hermelinda ce ta amsa a madadinsa.

Ranar ya sa kwat ɗin da ya sa a bikin 'yarsa, ya shafa mai a sanƙo, ya goge takalmi. Xiomara ta tarye su a ƙofa, da ta gan shi kamar ta yi kuka.

"Maestro, wane ne wannan? Ina tawul? Ina ludayi?"

Hermelinda ta buɗe jakar cefane. Duk suna ciki. Haka ya tuɓe kwat ɗinsa mai kyau a bayan wani labule ya sa kayan da yake sawa kullum, aka ce yanzu ya yi shiga.

Cikin zauren kuwa kansa ya juya. Kiɗa ta ko'ina, ƙamshin soyayyar taliya da tsiren zuciya, mutane da fukafukai, da ƙahoni, da takubban soso da suka fi su tsawo. Wani yana yawo cikin kwali ana ta tafa masa. Sai ya hango kansa yana tahowa daga can. Ya waiwaya, ga shi kuma yana cin ayis kirim. Maestro har nawa, duk da sanƙon roba da girar auduga, ɗaya ma mace ce. Wani daga cikinsu ya matso ya ƙura masa ido.

"Kai, aikinka ya yi kyau, kawu. Da wane gam ka manna tabon? Sai dai ya ɗan zarce, na Maestro bai sauko kunci haka ba."

Kafin ya ba da amsa, yaron ya kai yatsa ya murza wurin. Ya sake murzawa. Ya janye hannu a hankali.

"Fata ce," in ji Don Anacleto.

"Ka yanka fuskarka saboda shi?" Muryar yaron ta yi ƙasa don girmamawa.

"Risho ne!"

Amma yaron ya riga ya juya yana kiran abokansa.

Da la'asar aka hau da shi dandamali. Xiomara ta yi mako tana koya masa wasu kalmomin Japananci, waɗanda Maestro ya faɗa a kan gada, ya kuma haddace su a motar haya. Mai gabatarwa ya danƙa masa makirfo, fitilu suka haske shi, zauren ya yi tsit. Ya buɗe baki ya tarar kalmomin sun gudu, ko ɗaya ba ta tsaya ba. Ya kalli kawunan nan masu launi iri-iri har ƙarshen zaure. Sai abin da ke cikinsa tun watan Yuli ya fito da kansa.

"'Ya'yana, ni dai tambaya ɗaya gare ni. Mutumin nan, na kirki ne ko mugu?"

Wani daga baya ya ƙwala, "Waliyyi ne!" Wata ta ce, "Munafuki dai!" Sai zauren ya kama da wuta. Ana nuna juna da takubban soso, ana ambaton gada, ana ambaton ƙofar gari, wani yana ihu a je a karanta littafin. Can tsakiya ya hango Hermelinda tsaye a kan kujera, mace mai ciwon gwiwa, tana wa wani saurayi mai ƙaho bayani da hannu biyu. Mai gabatarwa ya rungume shi ya ce tunda ake taron ba a taɓa yin abu mai kyau haka ba, domin haka Maestro yake, ba ya ba da amsa sai dai ya jefa tambaya.

Ya sulale ya fita ya zauna a kan matakala. Can Xiomara ta same shi da farantin picarones, wani soyayyen abu mai kama da fanke, zuma na ɗiga. Ta cire koren gashin ta ajiye a cinya, sai ga yarinya baƙar gashi mai fuskar gajiya, wadda a ranakun aiki take zaman kanta a wani kantin magani.

"Mun gajiyar da kai ko, Don Anacleto?"

Ranar ce ta fara kiran sunansa. Ya ce babu komai.

"Kowa ya gaya maka abin da za ka kalla. Kai me kake so ka gani?"

Ya daɗe yana tauna. "Wanda ba a ihu. Wanda mutum zai samu wuri ya zauna."

Ta ce akwai wani tsohon shiri, gajere, wanda ba kowa ya damu da shi ba. Labarin wata tsohuwa ce mai tsaron 'yar tashar jirgin ƙasa a cikin duwatsu. Za ta sa Wílmer ya nemo masa.

Labarin Maestro ya zo ƙarshe a shekarar da ta biyo. Hermelinda ta yi masa bayanin yadda aka ƙare: ya mutu, amma ba ainihin shi ba ne ya mutu, kuma wanda bai mutu ɗin ba ma akwai magana a kansa. Ya ce to. Wani sabon labari ya fito, yaran Arenales suka canza launin gashi, sunkuyon ya ragu har ya zama sai jefi-jefi. Bai san ko daɗi zai ji ko haushi ba. Ranar da wasu sababbin yara suka wuce shi ba ko kallo, ya sami kansa yana gyara tawul yana ɗaure fuska, sai kunya ta kama shi. Ciniki dai bai koma baya sosai ba, don da yawansu bakinsu ya saba da abin mai ɗumi. Hermelinda kuwa ta yi gaba abinta, har ta ja maƙwabciyarta suna zuwa taro tare.

Na tsohuwar tasha shi kaɗai yake kallonsa, ranar Litinin da rana in ba ya fita. Tsohuwar ta share dandamali, ta ɗora ruwa, ta ɗaga tuta, jirgi ya wuce. Ɗanta ya tafi birni tun da daɗewa, duk jirgin da ya tsaya sai ta leƙa ƙofofi. Ciyawa na kaɗawa. Babu mai naushin kowa. Duwatsun ba irin na garinsu ba ne, amma ko sau ɗaya barci bai ɗauke shi ba. A kashin ƙarshe jirgi ya tsaya, ƙofa ta buɗe, tsohuwar ta ɗago kai, sai rubutun sunayen masu shiri ya fara hawa.

Ya cire faifan ya hura, ya goge da gefen riga, ya mayar. Nan dai ya sake tsayawa. Washegari ya bar amalanken a hannun mai sayar da jarida, ya taka har hawa na biyu, karo na farko da ya shiga ginin.

"Wílmer, faifanka ya lalace. Ƙarshen ya yanke."

"Bai yanke ba, papito. Ƙarshen ke nan."

"Kamar yaya? To ina yaron?"

"Ba a nuna ba. Amma kowa ya san bai zo ba. Mutuwa ce ta zo ɗaukarta, shi ya sa jirgin babu kowa."

"Wace irin mutuwa? Ba ka ga ta ɗora ruwan kofi biyu da safe ba?"

"Ai kullum biyu take ɗorawa."

"Ƙarya kake! Ranar ta sa sabon ɗankwali."

"Don Anacleto, masana sun yi bayani…"

"Masanan banza! Yaron ya zo. Uwa ba ta ɗaga kai haka don mutuwa. Kai ka taɓa dawowa gida daga nesa?"

Masu sayayya suka fara taruwa. Wata ta ce ita ma tana ganin ya zo, wani ya ce mafarki ne duka. Mai jarida ya aiko a gaya masa mutane na jira a ƙasa, ya ce su jira. Ya jawo kujerar Wílmer ya zauna, ya ce a kunna kashin ƙarshen nan a gaban kowa, a tsayar daidai inda ta ɗago kai.